Ruwan Garkuwa da Ciwon Ƙarancin Matosan Jini na Yara: Yaushe Ake Ba da Shi, Yaushe Ake Dakatawa?

(Jawabin da aka gabatar ga ɗalibai a babban zauren taro na jami'a. Mun buga shi yadda aka karanta, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)



Sa'ad da aka gayyace ni, na san cewa mafi yawanku ba aikin likita kuke koyo ba. A cikinku akwai masu karatun shari'a, da na tarihi, da na aikin gona, da na harsuna. Duk da haka ban ji shakkar zaɓen wannan batu ba, domin kowannenku yana da ƙane ko ƙanwa, wasunku ma sun riga sun zama iyaye. Daɗin daɗawa, a garuruwanmu da ƙauyukanmu, idan aka dawo daga asibiti da takardar da ba a fahimta ba, ɗan jami'a ake fara miƙa wa. Saboda haka abin da za ku ji yau, wata rana za a tambaye ku shi a tsakar gida, cikin firgici, kuma amsarku tana iya hana a yi wa yaro ɓarna ko a tsiyata gida a banza.

Maganata a kan wani ciwon jini ne na yara, da wani magani mai tsada da ake ba su ta jijiya. Abin da nake so ku tafi da shi ɗaya ne: wannan magani lokaci yake saya wa yaro, kuma sanin ranar da za a ba da shi da ranar da za a dakata shi ne ilmin.

YARON DA YA TASHI DA TABO

Mu ƙaddara yaro ne ɗan shekara huɗu. Mako biyu da suka wuce ya yi mura da ɗan zazzaɓi, ya warke, ya koma wasansa. Wata safiya uwarsa na yi masa wanka sai ta ga tabon kwanciyar jini a ƙwaurinsa da bayansa, alhali kuwa bai faɗi ba, ba wanda ya doke shi. Ta duba da kyau, sai ta ga ɗige-ɗige ƙanana kamar cizon ƙuma a wuyansa da ƙirjinsa. Da hantsi ya yi haɓo, aka daɗe ana toshewa kafin ya tsaya. Abin mamaki, yaron na cin abincinsa, yana guje-guje, ba ya kukan komai.

Kun san abin da zai biyo baya. Wani zai ce iska ce, wani ya ce maita, wani ya zargi kishiya ko malamin makaranta da duka. Wata tsohuwa kuma ta ce mugun jini ne, a kira wanzami ya yi masa ƙaho. A asibiti kuwa, idan aka ɗebi jininsa aka auna, za a tarar jajayen ƙwayoyin jini lafiya lau, farare ma haka, abu ɗaya tak ya yi ƙasa ƙwarai. Wannan abu shi ne tushen jawabina.

MATOSAN JINI

Jini ba ruwa ɗaya ba ne. Akwai ruwansa mai launin rawaya-rawaya, wanda ake kira filasma, sa'an nan akwai ƙwayoyi iri uku da ke yawo a cikinsa. Jajaye su ke ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi, farare su ke yaƙi da cuta, na uku kuwa wasu 'yan mitsi-mitsi ne da likitoci ke kira filetilet. Ni zan kira su matosan jini, domin aikinsu aikin matoshi ne. Duk inda jijiya ta sami rauni, su ke fara isa, su manne da bakin raunin, su manne da juna, su toshe kafar kafin jini ya daskare a kansu.

A cikin ɓargon ƙashi ake yin su. Wasu manyan ƙwayoyi ne a can ke gutsuttsura kansu, gutsattsarin su shiga jini. Kowane matoshi yana rayuwa kwana 7 zuwa 10, kana saifa da hanta su kawar da shi. A jikin mai lafiya akan sami 150,000 zuwa 450,000 a cikin kowace mikrolita, watau kashi ɗaya cikin dubu na mililita, abin da bai kai ɗigon bakin allura ba. Yaron da muka kawo misalinsa, sau da yawa nasa ba su kai 20,000 ba, wani lokaci ma ƙasa da 10,000.

To, ina suka tafi? Ɓargo bai daina aiki ba. Abin da ya faru shi ne garkuwar jikin yaron ta yi kuskure. Jiki yana ƙera wasu sinadarai da ake kira antibodi, zan kira su sinadaran garkuwa, waɗanda aikinsu shi ne su manne wa baƙuwar ƙwayar cuta su yi mata alama. A cikin saifa kuwa akwai wasu fararen ƙwayoyi masu haɗiya, da zarar sun ga abin da ke ɗauke da wannan alama sai su lanƙwame shi. A wannan ciwo, bayan yaƙi da mura ko ƙyanda ko ƙarambau, sai jiki ya ƙera sinadarin da ke manne wa matosan jininsa na kansa. Saifa ba ta tambaya, alama kawai take bi. Matoshin da ya kamata ya yi mako guda yana aiki, sai a cinye shi cikin 'yan sa'o'i. Wannan shi ne ciwon da likitocin duniya ke taƙaita sunansa da haruffa uku, ITP. Yakan sami yara kamar 2 zuwa 6 cikin kowane 100,000 a shekara, mafi yawa 'yan shekara 2 zuwa 5, kuma ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro.

YADDA AKA GANO BAKIN ZAREN

Wannan bayani da na yi muku cikin minti biyu, sai da aka shafe fiye da shekara ɗari biyu kafin a kai gare shi. Tarihin yana da darasi gare ku musamman.

A shekarar 1735 wani likita na birnin Hanoba a ƙasar Jamus, mai suna Paul Werlhof, ya rubuta labarin wata budurwa da ta yi ta haɓo, tabo ya rufe mata jiki, daga baya kuma ta warke. Ya bayyana ciwon sarai, amma bai san dalilinsa ba, domin a zamaninsa ba wanda ya san akwai matosan jini. Sai a 1882 Giulio Bizzozero na ƙasar Italiya ya nuna su a ƙarƙashin madubin likita, ya kuma nuna aikinsu wajen tsayar da jini.

A 1916, a birnin Prag, wani ɗalibin likitanci mai suna Paul Kaznelson ya yi tunanin cewa saifa ce ke cinye matosan. Ku lura, ɗalibi ne kamarku, bai karɓi takardar shaida ba tukuna. Ya shawo kan malaminsa na fiɗa, Farfesa Schloffer, aka cire saifar wata mata mai wannan ciwo, matosanta suka hau nan da nan. Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Haka ne a al'amuran zaman duniya, amma a fagen ilmi wani lokaci yaron ne ke fara hangowa, idan babban ya yarda ya saurare shi.

Saura tambaya guda: me ya sa saifa ke cinye su? A 1950, a asibitin Barnes da ke birnin Sant Luwis na Amurka, wani matashin likita, William Harrington, ya yi abin da ba zan shawarci kowa ya kwaikwaya ba. Ya sa abokin aikinsa James Hollingsworth ya ƙara masa kimanin rabin lita na jinin wata maras lafiya mai wannan ciwo. Cikin 'yan sa'o'i matosan jininsa suka zube, har ya yi jijjiga, sai bayan kwanaki suka dawo daidai. Da aka duba ɓargonsa aka tarar lafiyarsa ƙalau. Watau akwai wani abu a cikin ruwan jinin maras lafiyar da ke hallaka matosan kowa. An buga wannan sakamako a 1951, kuma daga nan aka gane cewa a wannan ciwo garkuwar mutum ce ke juya masa baya. A wannan zamani kuma aka fara amfani da magungunan siteroyid, masu kwantar da garkuwar jiki, wajen wannan ciwo.

ASALIN RUWAN GARKUWA

Yanzu mu zo ga maganin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Edwin Cohn na Jami'ar Harvard ya ƙirƙiro hanyar rarraba filasma kashi-kashi, domin a sami abin ceton sojojin da suka zubar da jini. Ɗaya daga cikin kason ya ƙunshi sinadaran garkuwa kusan zalla, shi ake kira imunogulobulin. A 1952 Ogden Bruton, likitan soja a Amurka, ya yi amfani da shi ga wani yaro da aka haifa jikinsa ba ya ƙera waɗannan sinadarai, yaron ya daina yawan kamuwa da cututtuka. Sai dai a wancan lokaci ba a iya ba da shi ta jijiya, domin sinadaran sukan cuccure su tayar wa maras lafiya da hankali ƙwarai. Allura ake yi a tsoka, ga zafi, ga ƙarancin abin da ke shiga. Sai wajen ƙarshen shekarun 1970 aka sami irin da za a iya ɗura wa mutum da yawa ta jijiya lami lafiya, kuma ɗakin binciken Red Cross na Suwizalan da ke birnin Bern yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan aiki. Shi ne ruwan garkuwa, wanda likitoci ke rubutawa IVIG.

A nan Bern ɗin, a 1980, wani likitan yara mai suna Paul Imbach yana kula da wani yaro da ya daɗe yana fama da ƙarancin matosan jini. Magungunan da aka yi ta ba shi sun raunana masa garkuwa, saboda haka aka ƙara masa wannan ruwa domin a kare shi daga cututtuka. Ba don matosan aka ba shi ba. Amma da aka auna jininsa, sai aka ga matosan sun hau. Wani likitan da sai ya ce dace ne, ya wuce. Imbach da abokan aikinsa suka tsaya suka gwada shi ga wasu yara. A 1981 suka buga sakamakon yara 13 a mujallar Lancet: bakwai masu daɗaɗɗen ciwo ko mai tafiya yana dawowa, shida masu sabo, kuma dukansu matosansu sun hau cikin kwana 5. Daga wannan lura ta mutum ɗaya aka buɗe babi guda a likitanci, domin yau ana amfani da ruwan garkuwa ga cututtuka da dama da garkuwar jiki ke haddasawa.

YADDA YAKE AIKI

Wani zai tambaya: sinadarin garkuwa ne ya kawo matsalar, ta yaya kuma ƙarin sinadarin garkuwa zai zama magani? Tambaya ce mai kyau.

Ku ɗauka ƙofar gari ce, da dogarai a bakinta, an umarce su su kama duk wanda ya zo da jar hula. Maƙiyi ya bi dare ya sanya wa 'yan gari jajayen huluna, dogarai suka shiga kama nasu. To, sai wani mai dabara ya kawo jajayen huluna buhu-buhu ya zuba a ƙofar, har hannun kowane dogari ya cika. Kafin su gama da waɗannan, 'yan gari sun wuce. Ƙwayoyin haɗiya na saifa suna da wasu maƙalai a jikinsu da suke cafke wutsiyar sinadarin garkuwa da su. Idan aka cika jini da sinadaran garkuwa na mutane masu lafiya, sai maƙalan su cika, matosan da aka yi wa alama su wuce ba a taɓa su ba. Masana sun gano wasu hanyoyin kuma. Akwai wata kafa da jiki ke adana sinadaran garkuwa da ita don kada su lalace da wuri, idan ruwan garkuwa ya cunkushe ta, sai mugun sinadarin ya rasa mafaka, ya ƙare da sauri. Akwai kuma alamun cewa ruwan yana kwantar da zafin ƙwayoyin haɗiyar su kansu.

Da farko akan ba da giram 0.4 ga kowane kilo na nauyin yaro, kullum har kwana 5. A 1994 Victor Blanchette da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa ɗura guda ta giram 0.8 ga kilo tana wadatarwa. Yau abin da aka saba shi ne giram 0.8 zuwa 1 ga kilo, sau ɗaya, a sake idan da buƙata. Yaro mai kilo 15 ke nan zai sami giram 12 zuwa 15, ana ɗura masa a hankali cikin sa'o'i, ma'aikaciyar jinya na tsaye a kansa. Kimanin yara 8 cikin 10 matosansu kan hau cikin kwana ɗaya ko biyu.

ABIN DA YAKE IYAWA DA WANDA BA YA IYAWA

Jama'a, a nan nake roƙon ku kasa kunne sosai. Misalin dogarai ya riga ya nuna mana iyakar maganin. Hulunan da aka zuba za su ƙare. Rabin sinadarin da aka ɗura yakan gushe daga jiki cikin kamar mako uku, saboda haka amfaninsa makonni ne kawai. Idan a lokacin jikin yaron bai gyara kuskurensa ba, matosan za su sake sauka.

Abin farin ciki shi ne jikin yara yana gyara kuskuren da kansa. Kimanin yara uku cikin huɗu sukan warke sarai cikin wata 6 zuwa 12, da yawansu ma cikin makonni, ko an yi magani ko ba a yi ba. Abin da ake tsoro ƙwarai, watau zubar jini cikin ƙwaƙwalwa, bai kai yaro 1 cikin 100 ba. Tun 2009 masana suka daidaita kan matakai uku: sabon ciwo daga ganowa zuwa wata 3, mai jinkiri daga wata 3 zuwa 12, daɗaɗɗe kuwa wanda ya wuce shekara.

An daɗe ana fatan cewa idan aka yi saurin ba da ruwan garkuwa zai hana ciwon zama daɗaɗɗe. A ƙasar Holan aka gwada wannan ga yara kimanin 200, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka ɗura musu, rabi aka sa musu ido kawai. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa bayan shekara guda, waɗanda ciwon bai sake su ba kusan ɗaya ne a gidajen biyu, kashi 10 cikin ɗari a nan, 12 a can. Amma kuma waɗanda aka ɗura wa sun fi saurin farfaɗowa, zubar jini mai tsanani ma ya fi ƙaranci a cikinsu. Watau maganin yana ƙetarar da yaro daga makonnin haɗari, ba ya sauya inda tafiyar za ta ƙare.

Bisa ga irin waɗannan hujjoji ne Ƙungiyar Likitocin Jini ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinta na 2019, kuma ana iya taƙaita su kashi uku. Na farko, yaron da ba ya zubar da jini, ko kuwa tabo da ɗige-ɗigen fata kawai gare shi, a sa masa ido ba tare da magani ba, komai ƙanƙantar adadin matosansa. Na biyu, yaron da jini ke fita daga hanci ko dasashi ko makamantansu, amma ba a ji wa ransa tsoro ba, a fara da siteroyid na ɗan lokaci, kada ya wuce kwana 7. Idan akwai dalilin da ya hana ba shi siteroyid, sai a koma ga ruwan garkuwa. Likitoci sukan kuma zaɓi ruwan garkuwa idan ana son matosan su hau da gaggawa, alal misali za a yi wa yaro fiɗa. Na uku kuwa, wanda duk masana suka haɗu a kansa, idan jini ya ɓalle cikin kai ko ciki, ba a zaɓe: ruwan garkuwa, da siteroyid ta jijiya, da ƙarin matosan jini, duk a lokaci guda. Ƙarin matosan shi kaɗai ba ya daɗewa, domin saifa za ta cinye baƙin kamar yadda ta cinye 'yan gida.

Sa ido ba sakaci ba ne. Yana nufin iyaye sun san alamun haɗari, sun san inda za su, kuma za su iya isa da wuri. Don haka likita yakan duba nisan gidan yaro da asibiti kafin ya yanke shawara. Yaron da ke ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, hukuncinsa zai iya bambanta da na wanda ke maƙwabtaka da asibiti. Ƙalilan da ciwon ya zame musu daɗaɗɗe kuwa, yanzu akwai magungunan da ke zaburar da ɓargo ya ƙara ƙera matosai. An amince da eltrombopag ga yara a Amurka a 2015, romiplostim kuma a 2018, abin da ya rage yawan cire saifa ƙwarai.

ILLA DA TSADA

Ba maganin da ba shi da illa. Yara da yawa sukan yi ciwon kai, da zazzaɓi, da amai bayan an ɗura musu. Wasu ciwon kan yakan tsananta har da sanƙarewar wuya kamar masu sanƙarau, ko da yake babu ƙwayar cuta, kuma yana wucewa. Ku dubi wahalar da ke nan: ciwon kai da amai su ne kuma alamun zubar jini cikin ƙwaƙwalwa, don haka sai a shiga ɗaukar hoton kai domin a tabbatar. Jefi-jefi yakan fasa jajayen ƙwayoyin jini, musamman ga waɗanda rukunin jininsu ba O ba ne, ko ya taɓa ƙoda. A 1994 an janye wani samfurinsa daga kasuwa bayan ya yaɗa ciwon hanta nau'in C. Tun daga nan aka tsaurara tacewa da kashe ƙwayoyin cuta, har ya zama haɗarin yanzu ƙanƙane ne matuƙa.

Akwai wata illa da ta shafe mu kai tsaye. Sinadaran da aka ɗura wa yaro sukan hana allurar rigakafin ƙyanda kamawa, saboda haka akan jinkirta ta wata 8 zuwa 11, gwargwadon yawan abin da aka ba shi. A ƙasar da ƙyanda ke kashe yara har yau, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma dole a rubuta shi a katin yaro.

Sa'an nan ga tsada. Ba a ƙera wannan magani daga sinadaran masana'anta, daga jinin mutane ake tace shi. Akan haɗa filasmar mutum dubu ko fiye a tukunya guda, kuma lita ɗaya ba ta ba da fiye da giram 4 zuwa 5. Yaronmu mai kilo 15 yana buƙatar abin da aka tace daga lita uku ko huɗu. Kimanin kashi biyu cikin uku na filasmar da ake sarrafawa a duniya daga Amurka take fitowa, inda ake biyan masu bayarwa. Ko ƙasashe masu arziki sukan yi ƙarancinsa. A wajenmu daga waje ake shigo da shi, kuma kuɗin ɗura guda ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na watanni da dama. Uban da ya sayar da gonarsa domin a ɗura wa yaron da tabon fata kawai gare shi, an cuce shi, ko da kyakkyawar niyya aka yi. Kowace kwalba da aka ɓatar haka kuma, an hana ta yaron da aka haifa ba garkuwa, wanda rayuwarsa ta rataya a kanta.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Bari in dawo gida. Abu na farko, ba duk ƙarancin matosan jini ne wannan ciwo ba. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro shi ne kan gaba wajen saukar da su, kuma da an yi maganinsa suke dawowa. Akwai ƙanjamau, akwai zazzaɓin Lassa, akwai sankarar jini. Ba gwaji guda da ke tabbatar da ITP, sai an kore sauran ake kiran sunansa. Lalle ne ƙwararre ya duba jinin a ƙarƙashin madubi. Yaron da ke da zazzaɓi mai naci, ko ciwon ƙashi, ko kumburin kaluluwa, ko ya ɗashe ya rame, labarinsa daban ne, mai yiwuwa sai an duba ɓargo. Ina jaddada wannan domin siteroyid ana sayar da shi a kantin magani kamar alewa, kuma yana iya lulluɓe sankarar jini na ɗan lokaci, a rasa damar kama ta da wuri.

Na biyu, a fatarmu ɗige-ɗigen ba su cika fitowa fili ba. A duba cikin baki, da ganɗa, da cikin fatar ido.

Na uku, yaron da ke cikin wannan hali kada a yi masa ƙaho, ko tsaga, ko cire beli, ko kaciya, ko allurar tsoka, har sai likita ya ce matosan sun dawo. Ban faɗi haka don raina sana'ar wanzamai ba, da yawansu idan aka yi musu bayani za su fi kowa kiyayewa. Amma jinin da ya kwanta a ƙarƙashin fata ba mugun jini ba ne, kuma aska a jikin da ba matoshi, garin neman gira ne a rasa ido. Haka nan kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, domin suna raunana 'yan matosan da suka rage. Farasitamol ya isa. A hana shi hawan bishiya da kokawa da hawan babur, amma a bar shi ya je makaranta.

Na huɗu, alamun da ba a kwana da su: ciwon kai mai tsanani, amai, yawan barci ko ruɗewa, buguwa a ka, haɓon da ya ƙi tsayawa bayan an matse hanci minti goma sha biyar, jini a fitsari, ko baƙin bayan gida kamar kwalta. Ga 'yan mata da suka balaga, jinin al'ada da ya wuce kima. A irin wannan rana ce ruwan garkuwa ya cancanci ko nawa ne kuɗinsa.

KAMMALAWA

Shugaban taro, na ci muku lokaci. Ina so 'yan'uwana ɗalibai su riƙe abu uku. Idan aka miƙo muku takardar gwaji mai ɗauke da ƙaramin adadi, ku dubi yaron kafin ku dubi takardar, ku kuma tambayi likita: wannan magani me zai hana, kuma me zai faru idan muka dakata? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Sa'an nan ku tuna cewa kowane giram na wannan ruwa daga hannun wani ya fito, kuma ƙasar da 'ya'yanta ba sa ba da jini don kansu ba za ta taɓa tace nata ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da ƙungiyarku ta kira gangamin ba da jini, ina fatan ganin wannan zaure ya cika kamar yau. Daga ƙarshe, ku tuna da Kaznelson ɗalibi, da Imbach wanda ya ga abin da bai zata ba ya tsaya ya bincika. Yaranmu na jiran irinsu daga cikinku.

 Idan akwai tambayoyi, ina nan.